A Ƙarasa Digirin Ko A Koma JAMB? Lissafin Mai Neman Karatun Likita

Ɗan yayata ya zo hutun tsakiyar shekarar karatu, lokacin sanyi. Bayan sallar isha'i ya same ni a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, gaisuwa ta ƙare amma bai tashi ba. Na san akwai magana a bakinsa. Can sai ya ce, "Kawu, so nake in ajiye karatun nan in sake JAMB." Yana aji biyu a sashen Bayokemistiri na wata jami'ar tarayya. Likitanci ya cika a fom, ya ci maki 260 da 'yan kai, da sunaye suka fito sai ya tarar an tura shi kwas ɗin da bai taɓa nema ba. Ya karɓa saboda mahaifinsa ya ce ba za a sake shekara a gida ba. Tun daga lokacin, kullum da safe sai ya ga 'yan ajin likitanci da fararen riguna a kafaɗa sun nufi ɗakin koyon sassan jiki, shi kuma ya wuce nasa ajin, jiki a nan hankali a can. Abokansa sun rabu gida biyu. Wasu na cewa ya daure ya ƙarasa, in ya karɓi digiri ya nemi likitanci ta hanyar shiga kai tsaye, wadda ɗalibai ke kira DE. Wasu na cewa ya koma tun rana ba ta yi masa nisa ba.

Tambayar nan tana cikin gidaje da yawa, daga Sakkwato har Maiduguri, kuma dalilinta a fili yake. Kusan mutum miliyan biyu ke zana jarrabawar JAMB ta neman shiga jami'a duk shekara, likitanci kuma yana sahun gaba cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi, alhali gurbinsa a ƙididdige yake. Hukumar kula da aikin likita ta ƙasa, MDCN, ita ke yanka wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta, ɗakunan gwaje-gwajenta da gadajen asibitin koyarwarta. An daɗe jimillar tana wajen 5,000 a ƙasar baki ɗaya, sai a 'yan shekarun nan gwamnatin tarayya ta sanar da ninka ta zuwa 10,000. A jarrabawar 2024, waɗanda suka ci 300 zuwa sama cikin 400 ba su kai 9,000 ba, sama da kashi uku cikin huɗu kuma ba su kai 200 ba. Ka ga yaron da ya ci 260 ya yi ƙoƙari ƙwarai, amma yana iya rasa gurbi, domin bayan makin akwai tantancewar jami'a, akwai kuma rabon da jami'o'in tarayya ke bi: kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Waɗanda layi ya yanke a kansu su ake rarrabawa Bayokemistiri, Maikurobayoloji, Anatomi, Fisiyoloji, kimiyyar tsirrai da ta dabbobi. Shiga aji ɗaya na kowanne cikin sassan nan ka ce wanda likitanci ya nema ya ɗaga hannu, za ka sha mamakin yawan hannayen.

Shawarar "ka gama digirinka tukuna" tana da daɗin ji, kuma yaranmu suna yawan cin karo da ita a intanet. Abin da ba sa lura da shi shi ne, mafi yawan masu ba da ita a can suna magana ne a kan Amurka da Kanada, inda aka gina karatun likita a kan wani harsashi dabam da namu.

A Amurka ba a fitowa daga sakandare a shiga ajin likitanci. Sai mutum ya yi shekara huɗu a kwaleji ya sami digirin farko, a kowane fanni ya ga dama, ko tarihi ne ko kiɗa, muddin ya haɗa da darussan da ake sharɗantawa na ilimin halittu, kemistiri da fiziks. Sannan ya zana jarrabawar neman shiga likitanci mai suna MCAT, wadda ke cin sama da awa bakwai, makinta daga 472 zuwa 528. In ya dace, ya yi shekara huɗu a makarantar likitanci, ya ɗora da horon ƙwarewa na shekara uku zuwa bakwai. Tsarin yana da tarihi. Makarantar likitanci ta Johns Hopkins da aka buɗe a 1893 ta sharɗanta digiri tun ranar farko, a lokacin da wasu makarantun ƙasar ke karɓar duk wanda ya iya biya. A 1910 Abraham Flexner ya fitar da rahotonsa bayan ya zagaya makarantu 155 a Amurka da Kanada, ya nemi a daina ɗaukar wanda bai yi aƙalla shekara biyu yana karatun kimiyya a kwaleji ba. Makarantu da yawa suka rufe, sauran suka ɗaga sharaɗi, a hankali digiri cikakke ya zama abin da kowa ke zuwa da shi. Har yau akwai makarantun da a rubuce suke cewa shekara uku ta kwaleji ta wadatar, amma a aikace kusan duk wanda aka ɗauka da digirinsa yake shiga. Masu nema sun haura 50,000 a shekara, waɗanda ake ɗauka ba su kai rabi ba, don haka wanda ya zo da guntun karatu yana takara ne da masu cikakke. A irin wannan ƙasa, in aka ce wa yaro ya ƙarasa digirinsa, gaskiya aka gaya masa, domin digirin shi ne ƙofar. Matsakaicin shekarun sabon ɗalibin likitanci a can wajen 24 ne, babu wanda zai kalle shi a matsayin wanda ya makara.

Mu tsarin Ingila muka gada. Can yaro yana yin shekara biyu na babbar sakandare yana zurfafa kemistiri da ilimin halittu, daga nan ya wuce likitanci kai tsaye, shekara biyar ko shida. Da wannan tsari aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 tana ƙarƙashin Jami'ar Landan, da shi aka buɗe tsangayar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1967, sauran suka biyo sahu. Aji ɗaya namu shi ya maye gurbin waccan babbar sakandare da iyayenmu suka sani da HSC. Aji biyu da uku na Anatomi, Fisiyoloji da Bayokemistiri ne, ƙarshensu babbar jarrabawar da ke tace ɗalibai. Daga aji huɗu a shiga asibiti: ilimin cututtuka, magunguna, yara, mata da haihuwa, tiyata, lafiyar al'umma. Shekara shida, sai shekarar sanin makamar aiki a asibiti kafin a ba da cikakken lasisi, sai hidimar ƙasa. A wannan gini babbar ƙofa ita ce ta yaron da ya fito daga sakandare da kiredit biyar da makin JAMB. Mai digiri ta ƙaramar ƙofa yake shigowa.

Ita wannan ƙaramar ƙofa ya kamata a yi wa yaranmu bayaninta da kyau, domin a nan ake yawan yaudarar kai. Mai shiga ta DE aji biyu ake sa shi. To amma aji biyun nan akwai masu shi, wato ɗaliban da jami'ar ta ɗauka bara ta JAMB, suka gama aji ɗaya suna jiran hawa. Sau da yawa ma su kansu sun fi adadin da MDCN ta amince, har sai an rage wasu an mai da su wasu sassan. Abin da ya yi saura bayan an zaunar da su shi ne rabon 'yan DE, kuma ragowar ba ta da yawa. A kan wannan ragowa masu digiri ke takara da waɗanda suka yi IJMB, shirin share fagen da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, da 'yan JUPEB, wani shirin share fagen makamancinsa, da masu sakamakon babbar sakandare ta Ingila. Sharaɗin da aka fi gani ga mai digiri shi ne daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, a fannin kimiyya mai alaƙa da lafiya, tare da kiredit biyar ɗin nan na sakandare, wasu jami'o'in har da takardar gama hidimar ƙasa. Cika sharaɗin izinin shiga layi ne kawai. Na san matasa masu daraja ta biyu babba da suka sayi fom ɗin DE shekara uku a jere ba su samu ba, ƙarshe ɗaya daga cikinsu ya sake zana JAMB tare da sa'o'in ƙannensa, ya fara daga aji ɗaya da digirinsa a akwati. Saboda haka duk wanda ya ce wa yaro "ƙarasa kawai, ai DE na nan" kamar abin a hannu yake, bai yi masa adalci ba.

Na ce wa ɗan yayata ya ɗauko takarda da biro, muka zauna muka yi lissafin shekaru, domin na lura mutane suna gardamar nan da zuciya alhali lissafinta bai fi layi huɗu ba.

Ɗauki yaron da ya shiga jami'a yana ɗan 18. In ya tsaya ya ƙarasa, zai karɓi digiri yana 22, ya yi hidimar ƙasa ya kai 23. In DE ta karɓe shi a nema na farko, shekara biyar ke gabansa, daga aji biyu zuwa shida, ya fito yana 28, ya yi shekarar asibiti ya kai 29. Hidimar ƙasa sau ɗaya ake yin ta, ba zai maimaita ba. To juya ɗaya hanyar. In ya bar kwas ɗin bayan aji ɗaya, ya shiga likitanci yana 19, zai fito yana 25, shekarar asibiti da hidimar ƙasa su kai shi 27. Ya ci ribar shekara biyu ke nan. In bayan aji biyu ya bari, 28, ribar shekara ɗaya. In kuwa sai bayan aji uku, 29, daidai wa daida da wanda ya tsaya ya ƙarasa, sai dai wancan yana da digiri biyu, shi yana da ɗaya. Da muka zo nan yaron ya yi shiru yana kallon takardar. Bai taɓa jera abin haka ba.

Lissafin nan na takarda ne, ya ɗauka komai zai tafi daidai. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, kuma irin wannan tsaiko yana shafar kowace hanya. Amma abin da lissafin ya nuna bai canza ba: amfanin komawa yana raguwa da kowace shekara, yana ƙarewa a aji uku. Akwai kuma wani dalili da ke tura shawara wuri guda. Darussan aji ɗaya na sassan kimiyya, wato fiziks, kemistiri da ilimin halittu, su ne dai darussan JAMB aka ƙara musu zurfi. Ɗan aji ɗaya da ya sake zama jarrabawar yana cikin mafi kyawun shirin da zai taɓa samu a rayuwarsa. Ɗan aji uku kuwa rabonsa da fiziks shekara biyu, sai ya koma ya kakkaɓe littattafan sakandare a daidai lokacin da darussan sashensa suka fi nauyi. A ganina, mai son sake JAMB ya yi a aji ɗaya, in ta ƙi ya ƙara gwadawa sau ɗaya a aji biyu. Wanda ya taka aji uku ya sa kai ya ƙarasa, ya kuma ƙarasa da kyau.

Inda na fi tsananta wa ɗan yayata shi ne kalmar "ajiyewa". Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, na bara ba ya ƙara maka komai a bana, kuma wanda ya ci 260 yana iya cin 290 yana iya cin 240. Babu abin da ya hana ɗalibi ya sake zana jarrabawar yana cikin makaranta, muddin ya faɗi gaskiyar matsayinsa wajen rajista, ya kuma san ba a riƙe gurbi biyu lokaci guda. Ranar da sunansa ya fito a CAPS, shafin da JAMB ke fitar da sunayen waɗanda aka ɗauka, likitanci ɓaro-ɓaro, ya karɓa, ya riƙe takardar a hannu, ranar ce ta sallama da tsohon sashe. Kafin nan ɗan Bayokemistiri ne, kuma ya kamata ya zauna a aji kamar ba shi da wata hanya.

Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya, kuma shi ke cinye yara. Yaro yana aji biyu, ya raina kwas ɗinsa, ba ya shiga ɗakin gwaji, rahoton da ya kamata ya rubuta da hannunsa sai ya kwafa a gurguje, dare kuma ya raba shi yana bitar tsofaffin tambayoyin JAMB a waya. Jarrabawar ta zo bai kai ba. Ya waiwayo ya tarar makinsa na jami'a ya zube, darussa biyu ko uku suna binsa bashi. Ya lallaɓa ya fito da daraja ta biyu ƙarama ko ta uku, wadda DE ba kasafai take kallo ba. Ƙofa biyu ya rufe wa kansa da hannu ɗaya. Na fi jin tsoron wannan a kan kowane zaɓi cikin biyun, domin makin aji ɗaya da na aji biyu suna bin ɗalibi har ranar da za a yanke darajar digirinsa, ba a goge su.

To shi digirin farkon, me yake ƙara wa mai shi in ya samu shiga? Yana ƙarawa, kada a raina. Wanda ya karanta Anatomi, Fisiyoloji ko Bayokemistiri ya riga ya ga kaso mai tsoka na abin da ake yi a aji biyu da uku, kuma nan ne aka fi faɗuwa. Yawanci ba za a yafe masa darasi ba, zai sake zama tare da kowa, amma zai zauna da sanin hanya. Ya san yadda ake karatun jami'a, ya san yadda ake raba dare, ya wuce shekarun ruɗin sabon shiga. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba: karatun likita a tsarinmu ba ya ba da takardar rabin hanya. Wanda aka sallama a aji uku ko huɗu bayan ya ƙare damar maimaitawa, sai dai a mai da shi wani sashe ya ci gaba daga ƙasa. Mai digiri in haka ta same shi yana da abin komawa.

Sai dai digiri suna suka tara. Akwai bambanci babba tsakanin kwas mai lasisin aiki da marar shi. Wanda aka ba aikin jinya, haɗa magunguna, gwajin jini da sauran samfura a asibiti, ɗaukar hoton ciki ko gashin ƙashi, yana kan hanyar sana'a ce mai hukumarta da lasisinta, zai taɓa marar lafiya, zai ci abinci da ita a gida da waje. Irin wannan sai in ce ya yi dogon tunani kafin ya saki, ko yana aji ɗaya, ya tambayi kansa ko aikin asibiti yake so ko kuwa a kira shi "Dakta". Yawancin kwasa-kwasan nan shekara biyar ne ko fiye, don haka lissafin da muka yi a sama sai a ƙara masa. Wanda kuwa aka ba Anatomi ko Fisiyoloji zalla, digirinsa ba ya ba shi izinin duba marar lafiya, hanyarsa ta fi karkata ga koyarwa da bincike, sai ya ƙara digiri na biyu da na uku kafin ta buɗe sosai. Ga mai son bincike hanya ce mai daraja, malaman da ke koyar da likitocin ma da yawa ta nan suka fito. Ga wanda zuciyarsa ke ɗakin tiyata kuwa, shekara huɗu ce ta jira, kuma shi ya fi kowa hujjar sake gwada JAMB da wuri.

Sai maganar kuɗi, wadda yaro ba ya son a tayar amma mahaifinsa da ita yake kwana. Karatun likita ba shi da na yamma ko na ƙarshen mako. Daga safe zuwa la'asar ana aji ko ana zagayen marasa lafiya, daga aji huɗu kuma akwai kwanan asibiti. Mai digirin da ya shiga yana 23 ba zai iya riƙe aikin albashi ba, zai koma hannun iyaye shekara biyar, a daidai lokacin da suke sa ran ya fara ɗauke musu kuɗin makarantar ƙannensa. Tun 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, na likitanci kuma shi ne a sama. Gidan da ya iya ɗaukar nauyin shekara shida ba lalle ya iya ɗaukar tara ba. Wannan magana a zaure ake yin ta da mahaifi tun kafin a sayi fom, kada a bari sai an kai aji huɗu abin ya tsaya.

Ga 'ya mace shekarun sun fi nauyi, kuma mu a arewa mun fi kowa buƙatar ta kai ga gaci. Duk wanda ya taɓa raka matarsa ko ƙanwarsa awon ciki ya ji tana tambaya ko akwai likita mace ya san abin da nake nufi. Yarinyar da ta gama digirin farko tana 22, maganar aure ta riga ta taso a yawancin gidajenmu. Shekara biyar na likitanci a kan haka na nufin jarrabawa da ciki, kwanan asibiti da goyo. Mata suna yi, na ga waɗanda suka yi suka fito da sakamako mai kyau, amma duk wadda na sani akwai miji ko uwa ko uwar miji da suka tsaya mata tsayin daka. Don haka in yarinya tana aji ɗaya a kwas ɗin da ba ta so, kuma makinta ya nuna za ta iya, ina ganin iyaye su saya mata fom ɗin JAMB a shekarar, kada a ce ta bari sai ta gama. In kuma hanyar DE ce ta rage, a sa maganar karatun cikin maganar auren tun farko, a fili, gaban manya.

Akwai masu cewa a bar duk wannan a fita waje. Masu hali da gwamnatocin jihohi sun daɗe suna tura yara Sudan, Masar da gabashin Turai, inda ake ɗauka daga sakandare. Likitoci nagari sun fito ta nan. Amma mun ga abin da ya sami ɗalibanmu a Yukiren a Fabrairun 2022, da na Sudan a Afrilun 2023, aka kwaso su a motoci da jirage, wasu suna ajin ƙarshe, suka dawo suna neman inda za su ƙarasa. Wanda ya gama lafiya ma sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin ya taɓa marar lafiya a Najeriya. Shi kuma mai tunanin ya gama digiri a gida ya tafi makarantar likitanci a Amurka, ya sani yawancinsu suna son darussan sharaɗin a yi su a kwalejin Amurka ko Kanada, da yawa ba sa ɗaukar baƙo, bashin karatu na gwamnatinsu ba ya shafar baƙo, 'yan ƙasar ma suna fitowa da bashin wajen dala 200,000. Likitocinmu da ke aiki a can galibi a gida suka yi karatun, suka zana jarrabawar lasisi daga baya.

Abin da ke damuna a duk wannan shi ne nauyin da muka ɗora wa yaro ɗan 17, cewa safiya ɗaya a gaban kwamfuta ita za ta yanke ko zai zama likita. Ingilar da muka kwaikwaya ta gyara nata: tun 2000 ta buɗe shirin shekara huɗu na musamman ga masu digiri, da gurabensa dabam, da jarrabawar shigarsa dabam. Jami'ar Gana da ke Legon ma tana da irin wannan shiri. A nan an taɓa tayar da maganar a 2016, lokacin da rahotanni suka bazu cewa hukumar jami'o'i, NUC, za ta sa a fara da digirin kimiyyar lafiya kafin likitanci, aka yi ta cece-kuce a kan yawan shekarun, ƙurar ta lafa ɗalibai suka ci gaba da shiga daga sakandare. Ban ga hikimar tilasta wa kowa digirin farko ba a ƙasar da ke ƙarancin likitoci kuma iyaye ke biya da kyar. Abin da nake so in gani shi ne, tun da an ƙara adadin gurabe, kowace makaranta ta ware wani sanannen kaso ga masu digiri, ta buga yawansa, ta yi musu jarrabawar shiga a fili. Da haka yaron da ke aji uku a Fisiyoloji zai san abin da yake yi wa aiki, ya daina dogara da jita-jitar wane ya san wane.

Da muka gama, na ce wa ɗan yayata ga abin da zan goya masa baya a kai. Zai koma makaranta ranar da aka buɗe. Zai yi rajistar JAMB ta bana, ni zan biya kuɗin fom. Ba zai bar darasi ko ɗaya ba saboda ita, bitar jarrabawar kuma tsakanin asuba da fitowar rana ce da ranakun Asabar. Wannan ne gwaji na ƙarshe, domin in ta wuce ya shiga aji uku. Ya ce, "Kawu, in ban samu ba fa?" Na ce sai ya fito da daraja ta biyu babba ko ta ɗaya, mu nemi DE a jami'a fiye da ɗaya, kuma kafin nan ya je ofishin ɗaukar ɗalibai na tsangayar likitancinsu ya tambayi mutum nawa suka ɗauka ta DE bara da bara waccan, nawa ne masu digiri a cikinsu, ya rubuto mini. Ya ninke takardar lissafin ya sa a aljihun gaba. Ya ce Baba fa bai san ya zo da maganar nan ba. Na ce gobe bayan la'asar zan je gidan, ya gaya wa Yaya ta sanar da shi ina tafe.